Zama a Ulanbatar: amsa ga mai shirin tafiya aiki Mongoliya

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata makaranta mai zaman kanta a Ulanbatar, babban birnin Mongoliya, ta yi mini tayin aikin koyar da lissafi na shekara biyu. Ina da mata da yaro ɗan shekara biyu. Na ji an ce rayuwa a can da arha, amma sanyi ba a magana. Don Allah wanda ya san wurin ya faɗa mini gaskiya: mutumin Kano zai iya zama, kuma in tafi da iyali ko in bar su a gida?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na yi hunturu huɗu a garin ina aiki da wani kamfanin gine-gine, a ɓangaren ɗumama gidaje da kula da iskar cikinsu, don haka abin da zan gaya maka da idona na gan shi. Za ka iya zama. Sanyin da kowa ke tsoratar da kai da shi, shi ne ma ya fi sauƙin magani, domin kuɗi kaɗan da kayan sawa masu kyau sun ishe ka. Abin da ya kamata ya hana ka barci kafin ka sa hannu a takarda shi ne hayaƙin hunturu, da gidan da za a sauke ka, da irin kuɗin da za a riƙa biyanka albashi da su. Da yake akwai ƙaramin yaro a maganar, hayaƙin nan ya fi komai nauyi.

Bari in fara da sanyin tunda shi ka fi ji. Duk duniya babu babban birnin ƙasa da ya kai Ulanbatar sanyi idan aka auna shekara gaba ɗaya. Garin yana cikin kwari a bakin kogin Tul, a tudun da ya kai mita 1,300 sama da teku, ga shi nesa da kowane teku da zai sassauta masa yanayi. A watan Janairu dare yakan kai digiri 30 ƙasa da sifili, wani lokaci ya tasam ma 40, da rana tsaka kuma ana zaune a wajen 15 zuwa 20 ƙasa da sifili. Ka tuna a Kano idan jaura ta sauko da ma'auni zuwa 12 ko 13 sama da sifili, mutane jin wuta suke yi a bakin titi. Mutanen Mongoliya suna ƙirga hunturunsu tara-tara sau tara, kwana 81 daga wajen 22 ga Disamba, kuma tara ta uku da ta huɗu su ne masu cizo. Abin da ke rage masa kaifi shi ne busasshen sanyi ne, rana tana fitowa tar kusan kullum, sama shuɗiya, ba irin sanyin Ingila mai danshi da duhu ba.

Kada ka ɓata kuɗinka kana sayen rigunan sanyi a Kantin Kwari ko Kofar Wambai, babu wadda za ta tsaya wa Janairun can. Ka je da abin da zai kai ka Oktoba, sauran ka saya a can, a kasuwar Narantul ko a kantunan cikin gari. Ƙasar ulu ce: akwai na akuya mai laushi da ake fitarwa duniya, akwai na raƙumi, akwai na wata saniya mai gashi da suke kiwo a duwatsu, kuma safar ulun raƙumi da dogon wando na ciki ba su da tsada. Dabarar ita ce riga kan riga, uku ko huɗu, ta yadda idan ka shiga ɗaki za ka rage. Inda bai kamata ka yi tsimi ba shi ne takalmi. Ka sayi mai kaurin ƙasa mai ulu a ciki, ya ɗan fi ƙafarka girma, kuma ƙasansa ya kasance mai riƙe ƙanƙara, don baƙin da na ga sun ji rauni a hunturu yawanci santsi ne ya kayar da su a bakin shago ko a matakala. Kunne da hanci da yatsu su ne sanyi ke fara ci. A baƙar fata ba ja wurin yake yi ba, toka-toka yake komawa ya mutu mus ba ka jin sa, to da ka ji haka ka shige shago mafi kusa. Kada ka taɓa fita da lemar alwala a fuska ko gemu. Ka saba da yin alwala a gida da wuri ka goge sosai, ka kuma koma ka bita babin shafa a kan huffi, zai yi maka amfani a can fiye da yadda ya taɓa yi maka a gida.

Cikin ɗaki kuwa labari ya sha bamban. Benayen cikin gari tashoshin wutar lantarki masu ƙona kwal ne ke turo musu ruwan zafi ta bututu, tsari ne da aka gada tun zamanin Tarayyar Sobiyet. Ana buɗe ɗumin ranar 15 ga Satumba, a rufe 15 ga Mayu. A tsakanin nan za ka zauna a falo da singileti alhali waje ana 30 ƙasa da sifili, har wasu gidajen sai an ɗan buɗe taga saboda zafi. Ranakun da baƙo ya fi jin sanyi a ɗaki su ne farkon Satumba da ƙarshen Mayu, lokacin da bututun ke a rufe. Da rani kuma akan ɗauke ruwan zafi unguwa-unguwa na wasu kwanaki don gyara, shi ya sa nake cewa a nemi gidan da ke da hitar ruwa ta lantarki. Iskar ɗaki bushewa take yi fiye da ta hunturun gida: haɓo, faso, tsagewar leɓe, ga wani ɗan tartsatsi da ke harbin hannu duk sanda ka taɓa ƙarfe. Man kaɗanya ka ɗebo da yawa, ka sayi na'urar da ke sa wa ɗaki danshi. Sannan ka nemi shawarar likita kan ƙwayar bitamin D, domin mai baƙar fata da ke rufe jikinsa ruf wata bakwai ba ya samun abin da ya saba samu daga rana.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna. Mongoliya ƙasar makiyaya ce, mutanenta wajen miliyan uku da rabi, dabbobinta sun ninka su sau goma sha wani abu. Kusan rabin mutanen nan duk a Ulanbatar suke. Abin da ke koro su birni wani bala'i ne da suke kira zud: a yi rani maras ciyawa, hunturu mai tsanani ya biyo baya, ƙanƙara ta rufe ƙasa, dabba ta kasa tono abinci. A hunturun 2009 zuwa 2010 dabbobi miliyoyi suka mutu, haka aka sake yi a 2023 zuwa 2024. Duk wanda ya san halin da Bafillatani ke shiga idan garkensa ya ƙare zai gane abin nan ba sai an yi masa dogon bayani ba. Makiyayin da ya wayi gari ba ko akuya sai ya naɗe bukkarsa ta ulu, wadda suke kira ger, ya zo gefen birni ya kafa ta a kan tudu, ya kewaye da katako. Haka unguwannin ger suka mamaye tuddan arewa da gabas da yammacin garin, kuma kimanin rabin mutanen birnin a cikinsu suke. Bututun ɗumi bai kai can ba, ruwan famfo ma sai an je rumfar sayarwa da jarka. Kowane gida murhunsa yake hurawa da kwal dare da rana, in ba haka ba yara su daskare.

To ka haɗa dubban ɗaruruwan murhu da garin da ke cikin kwari. Da hunturu iska mai sanyi tana kwanciya a ƙasan kwarin, mai ɗan ɗumi ta hau kanta ta rufe kamar murfin tukunya, hayaƙin ya rasa hanyar fita. Da sassafe da kuma bayan magariba, lokacin da ake ƙara wa murhu wuta, sai ka ga fitilar mota da ƙyar, warin kwal ya kama rigarka da gashinka. A ƙarshen Janairun 2018 an auna ƙurar hayaƙi a wani sashe na garin ta ninka abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi fiye da sau 100, kuma a shekarar asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto yana kiran abin annoba ga lafiyar yara. A Mayun 2019 gwamnati ta hana ƙona ɗanyen kwal a birnin, ta kawo wani curarren kwal da aka sarrafa. Hayaƙin da ido ke gani ya ɗan ragu, amma matsalar tana nan, kuma an yi ta samun mutanen da iskar gubar murhu ta kashe suna barci. A nan ina roƙonka, al'adarmu ta shiga ɗaki da kaskon gawayi a rufe ƙofa, kada ka ko kwatanta ta a can, ɗakunansu ba sa shan iska ko kaɗan.

Babba mai lafiya zai iya jure hunturu biyu idan ya kiyaye. Ya sa takunkumi mai tace ƙura na gaske, ba na kyalle ba, ya ajiye na'urar tace iska a ɗakin kwana da falo, ya duba ma'aunin iska a waya kafin ya fita. Yaro ɗan shekara biyu kuwa huhunsa bai gama ƙwari ba, kuma da hunturu asibitocin yara cika suke yi da masu ciwon haƙarƙari da tari. Mai juna biyu da mai asma su ma ba wurinsu ba ne a watannin nan. Su kansu 'yan garin masu hali sukan tura yaransu ƙauye wurin kakanni ko su fitar da su waje idan abin ya yi tsanani.

Shi ya sa na ce gidan da za a sauke ka shi ne rabin rayuwarka. Kudancin gari, wajen Zaisan da gindin dutsen Bogd Han, ya fi sauran wurare iska mai kyau don ya yi nesa da unguwannin ger, amma hayarsa ta fi tsada. Hawa na sama ya fi na ƙasa. Ka duba taga, ta zama mai gilashi biyu ko uku da ba ta zurar da iska, ka taɓa bututun ɗumi da hannunka idan lokacinsa ne, ka tambayi maƙwabta yadda ginin yake a Janairu. Kada sabon fenti ya ruɗe ka. Na shiga tsofaffin benaye na zamanin Sobiyet masu kaurin bango da suka fi wasu sababbi ɗumi nesa ba kusa ba, na kuma ga sabon gini mai ƙyalli da ƙanƙara ke fitowa a bangonsa ta ciki don an yi ha'inci wajen rufe shi. Abu na biyu shi ne nisa da wurin aiki. An tsara garin ne don mutanen da ba su kai rabin na yanzu ba, cunkoson motoci kuwa sai wanda ya gani, tafiyar kilomita biyar takan ci awa guda, duk da ana hana motoci fita rana ɗaya a mako bisa lambar ƙarshe ta faranti. Gidan da za ka taka da ƙafa zuwa makaranta cikin minti goma ya fi katafaren gida a nesa. Mota kuwa ban ba ka shawarar saye ba, don sai ka biya garejin da ake ɗumamawa. Bas na da arha, da kati ake shiga, akwai manhajar kiran tasi irin UBCab, kuma duk wanda ya miƙa hannu a titi wata mota za ta tsaya, amma da dare ka tsaya kan manhaja.

Maganar arha gaskiya ce rabi. Kuɗinsu tugrik ne, kuma daga 2023 zuwa 2025 dala ɗaya tana wajen tugrik 3,400 zuwa 3,600. Nama da madara da fulawa da dankali, da kuɗin bas, da intanet, da kuɗin ɗumi da wuta, duk da sauƙi idan ka kwatanta da Turai ko Koriya. Amma ƙasar ba ta da teku, maƙwabtanta biyu ne rak, Rasha da Sin. Man fetur daga Rasha yake zuwa, yawancin 'ya'yan itace da kayan masarufi daga Sin ko Koriya ta Kudu, don haka tumatir da tattasai da ayaba a hunturu za su ba ka mamaki. Hayar gida a unguwa mai kyau ita ke cinye albashi, kuma masu gida sukan nemi kuɗin watanni a dunƙule da na ajiya. Waɗanda ke yaɗa cewa garin arha ne yawanci ma'aikatan haƙar ma'adinai ne irin na Oyu Tolgoi, ko na ofisoshin jakadanci da ƙungiyoyin duniya, waɗanda ake biya da dala a kuma ba su gida. Malamin da ake biya da tugrik kuma yake son aika wani abu Kano, lissafinsa daban ne, domin darajar kuɗin tana zaizayewa kuma farashi yana hawa. Ka sa a rubuta maka a kwantiragi: albashi nawa ne bayan haraji, an ɗaure shi da dala ko a'a, wa ke biyan haya, tikitin zuwa da komawa, da inshorar lafiya wadda ta haɗa da fitar da majiyyaci waje, tunda ciwo mai tsanani Seul ta Koriya ta Kudu ko Bankok ta Thailand ake kai shi. Tikitin kansa ba ƙaramin kuɗi ba ne. Hanya mafi sauƙi daga Najeriya ita ce ta Istanbul, sabon filin jirgin Ulanbatar da aka buɗe a 2021 kuma yana wajen kilomita 50 daga gari.

Takardu kuwa kada ka yi wasa da su. Makarantar ce za ta nemo maka izinin aiki kafin ka taso, ita ce kuma doka ta ɗora wa biyan kuɗin da ake karɓa duk wata kan ma'aikaci baƙo. Duk wanda ya ce ka shigo da bizar yawon buɗe ido a gyara daga baya, ka ja da baya. Haka duk dillalin da ya ce maka daga Mongoliya ana tsallakawa Koriya ko Turai, ya buɗe taswira ya nuna maka ta ina. Da ka sauka a yi maka rajista da hukumar shige da fice cikin awa 48. Najeriya ba ta da ofishin jakadanci a Ulanbatar, sai ka dangana da na Beijin, babban birnin Sin, don haka ka sabunta fasfonka da na iyalinka tun a gida.

Ga Musulmi, wurin da ake tuntuɓe shi ne nama. Abincinsu kusan duk nama ne da fulawa: buz, wato ƙullin fulawa da nama da ake turarawa, da hushur wanda ake soyawa, da taliyar hannu da suke kira tsuiban. Sai dai yadda makiyayan Mongol ke kashe tunkiya a al'adance ba yanka ba ne, ciki ake ɗan tsagawa a sa hannu a tsinke jijiyar zuciya don kada jini ya zuba ƙasa. A wurinmu wannan mushe ne. Mafitarka ita ce ƙabilar Kazak, Musulmin ƙasar, waɗanda suke wajen kashi uku zuwa huɗu cikin ɗari na jama'a. Cibiyarsu lardin Bayan Olgi ne a can yamma, amma akwai su a birnin da kuma Nalaih da ke gabas da shi, kuma ta hannunsu ake samun naman yanka da wurin sallar Juma'a. Akwai kuma gidajen abincin Turkawa da wasu masu tambarin halal. Ka yi kamar yadda 'yan gari suke yi: a farkon hunturu ka haɗa kuɗi da wani ku sayi rago ko rabin sa, ka ajiye a barandar gida, sanyi ya zame maka firiza har Maris. Ka sani Kazak suna cin naman doki suna kuma girmama baƙo da shi, alhali a mazhabar Malikiyya da muka taso a kai ana guje masa, to ka tambaya kafin ka ci, cikin ladabi. Nonon goɗiya da ake tsimawa, airag, yana da ɗan maye. Shayinsu na madara da gishiri ne, ranar farko zai yi maka wani iri, a hunturu na biyu da kanka za ka nema. Kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji sai ka taho da su.

Alƙibla a can yamma take, kusan daidai mafaɗar rana, kuma wanda ya taso yana cewa zai fuskanci gabas sai ya ɗan ɗauki lokaci kafin zuciyarsa ta saba. Kiran salla ba za ka ji ba, wayarka ce ladaninka. Yini a Disamba bai fi awa takwas da rabi ba, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kurkusa, a Yuni kuma yakan kai awa 16. An yi sa'a a shekarun nan azumi yana faɗowa a hunturu. Agogonsu yana gaban na Najeriya da awa bakwai.

Mutanen ba su da yawan fara'a a titi, ba kuma sa doguwar gaisuwa irin tamu, kada ka ɗauka ƙiyayya ce. Idan suka karɓe ka, karamcinsu na makiyaya ne, baƙo ba ya fita gida bai sha shayi ba. Suna girmama na gaba ƙwarai: a yarensu kalmar "kai" iri biyu ce, akwai "ta" da ake ce wa babba da "ci" da ake ce wa tsara, kuma wanda ya girme ka "ah" ne in namiji ne ko "egci" in mace ce, kamar yadda muke cewa yaya. Ka karɓi abu da hannun dama kana tallafe gwiwar hannun da hagu, kada ka taka dokin ƙofar ger, idan kuma ka taka ƙafar mutum a bas ka miƙa masa hannu nan take ku gaisa. Ka koyi baƙaƙen Rashanci da suke rubutu da su tun kafin ka tashi, mako biyu sun isa, sai ka iya karanta allon bas da kayan kanti. Matasa da yawa suna jin Turanci, dattawa Rashanci. Baƙar fata kaɗan ne ƙwarai, za a kalle ka, yara za su nuna ka, yawanci mamaki ne kawai. Inda na ga matsala ita ce wurin mashaya da dare, da 'yan sane a bas da kasuwar Narantul. Ni sau ɗaya wani bugagge ya tare ni yana zage-zage a bakin titi, wasu samari 'yan garin ne suka janye shi suka raka ni har ƙofar gida.

Ka yi wa mai ɗakinka tunani sosai. Kai za ka fita aiki ka ga mutane. Ita za ta yini a bene da yaro wata biyar, ba maƙwabciyar da za ta leƙa, ba biki ba suna, ba mai jin yarenta, waje kuma hayaƙi da ƙanƙara. Wannan kaɗaicin ya fi sanyi karya mutum, na ga iyalan da ya mayar gida kafin wa'adinsu.

Da ƙanena ne kai, ga abin da zan ce ka yi. Makarantu suna buɗewa 1 ga Satumba, to ka tafi kai kaɗai a Agusta. Ka yi hunturun farko ka auna gidan da aljihunka da ƙirjinka, ka san mai naman yanka da hanyar masallaci. Idan komai ya zauna, ka ɗauko su a ƙarshen Mayu bayan gugar ƙurar bazara ta lafa. Daga Yuni zuwa Agusta ƙasar kore take shar, iska garau, babu zazzaɓin cizon sauro, za su ga bikin Nadam na 11 zuwa 13 ga Yuli da kokawarsa da sukuwarsa da harbin baka, ka kai su Terelji, wurin shaƙatawa kusa da birnin, su kwana a ger a bakin rafi. Kafin Nuwamba ka mayar da yaron da mahaifiyarsa gida, sai dai idan makarantar ta yarda a rubuce za ta ba ka gida a kudancin gari da inshorar da ta ɗauke ku ku uku.